Kada mu ɗora wa ƙaddara laifin birki

'Yan'uwa, akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu na Ngaundere har ta zama kamar likkafani na biyu, wadda muke lulluɓe kowace gawar hatsari da ita kafin a kai ta makwanci: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da zarar an faɗe ta sai baki ya mutu, a shafa fatiha, a watse. Mu da muke zaune a zauren dattijo muna riƙe da littafin gudummawa da na sulhu, mun ji ta har kunnenmu ya gaji, kuma yau mun ga ya wajaba mu ce ana zaluntar wannan magana, ana zaluntar matattu da ita.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Garwa ya san wurin da muke kira Falez. Garinmu yana kan tudun Adamawa ne, sama da mita 1,000 daga doron teku, Garwa kuwa tana can ƙasa a kwarin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba. Babban rabo na wannan sauka ana yin sa ne a wannan gangare kafin a isa Mbe, inda hanya ke naɗewa a jikin dutse, kwana na bin kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Tun 1974 da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere ya tsaya, kayan da suka taso daga Duwala zuwa Garwa da Marwa da Njamena nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci, kuma ta wannan gangare suke bi. Tsakanin waɗannan tireloli ne 'ya'yanmu suke kurɗawa a kan ƙananan babura, sun ɗauko fasinja, ko sun tafi sarin doyar Mbe.

A daminar da ta wuce an kawo wata magana zauren. Yaro ne da bai cika shekara ashirin ba, ya ɗauki wata baiwar Allah za ta je suna. Ita ta rasu nan take, shi kuma cinyarsa ta karye. Da aka taru, mijin marigayiyar ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe, Allah ne ya kawo. Kowa ya yaba masa, mu ma mun yaba, don haƙuri irin wannan ba kowa ake ba shi ba. Babu wanda ya tambayi yaron yadda aka yi. Sai daga baya, da muka je duba shi, ya faɗa mana da bakinsa cewa tun daga saman gangaren ya kashe inji ya saki babur yana gangarawa da kansa, don ya rage shan mai. Da ya zo kwana ta uku ko ta huɗu ya taka birki, sai ya ji kamar ya taka auduga. Abin da ya fi tsaya mana a rai kuwa shi ne, a ranar sulhun, a bakin ƙofar zaure, mun ji mai babur ɗin yana tambayar wani a hankali ko mashin zai gyaru.

To, mu tsaya a kan wannan kashe inji, domin ya zama al'ada, har yara suna koya wa junansu shi a matsayin wayo. Babur idan yana cikin giya ta ƙasa, injin da kansa ne ke riƙe shi a gangare, birki taimako kawai yake yi. Idan aka kashe inji aka fitar da giya, duk nauyin mashin da mutum biyu ko uku da buhu ya koma kan birki shi kaɗai. Aikin birki gogayya ne, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Birkin waɗannan ƙananan babura idan aka daɗe ana danne shi sai ya ɗauki zafi ya daina kamawa, kuma ba ya sallama kafin ya daina. Ga shi da yawa daga cikin yaran tsoron birkin gaba suke yi, wai yana kayar da mutum, sai su dogara ga na baya kaɗai, alhali a gangare nauyi gaba yake komawa, na gaban ne ke da ƙarfin tsayarwa. Sannan wanda ya ninka gudunsa sau biyu, filin da yake bukata kafin ya tsaya ya ninku sau huɗu. Ƙara da yanke kwana a shiga hannun mai tahowa, a wurin da tirela ba ta iya juyawa sai ta ci rabin hannunka. Ƙara da man gas da ya tsiyaya a kwalta, ruwan sama ya sauka a kansa, da hazon safiya, da garken shanu da ke fitowa daga inda ba a zata ba. Ina gaibu a cikin wannan? Kowane bakanike a tasha ya san shi. Man da aka tsimi a wannan gangare kuwa, ko da lita ta kai sefa 840 tun farkon 2024, bai kai kuɗin farantin shinkafa ba.

Za a ce mana: Malam, kana jayayya da ƙaddara ne? Allah ya tsare mu. Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne, kuma babu ran da zai fita sai da ajalinsa. Amma mu tuna abin da Sayyidina Umar ya yi lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya nuna masa kamar gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk wanda ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su, amma zaɓin nasa ne. Wanda ya sauka Falez a giya ta biyu da ƙaddara ya sauka, wanda ya kashe inji shi ma da ƙaddara, sai dai na biyun za a tambaye shi.

Kuma ba a lahira kaɗai ba. Yawancinmu mun buɗe Risala a gaban malamanmu. A babin hukuncin jini an bayyana cewa mahayin dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, su ne ke da lamunin abin da ta taka. Dabba ke nan mai rai, wadda takan firgita ta yi abin da mahayi bai so ba. Ina ga ƙarfe wanda ba ya motsi sai an murɗa shi? Kisan kuskure a shari'a yana da diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000, a kan dangin wanda ya yi, cikin shekara uku, kuma yana da kaffara, wadda a yau ta tsaya a kan azumin wata biyu a jere. Masu jini suna da ikon yafe diyya, wannan haƙƙinsu ne. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, yafewar miji ko uba ba ta sauke ta. A duk zaman sulhun da muka rubuta, ba mu tuna ranar da aka juya ga mahayi aka ce masa akwai azumi a kansa ba. Mun koya wa yaro cewa ran mutum yana ƙarewa ne da fatiha da rabon goro, sannan muna mamakin ganin sa ya koma kan sirdi da zarar an kwance masa ɗori.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba yaran ne suka sayi baburan ba. Mu ne, 'yan kasuwa da alhazai da masu ɗan abin hannu, muke saye mu miƙa wa wanda gemu bai fito masa ba, mu yanka masa kuɗin yini, ya kawo ko an yi ruwa ko an yi rana. Ba mu tambayar inda ya koyi tuƙi, don mun san amsar: kwana uku a filin ƙwallo. Taya ta suɗe, mu ce a lallaɓa zuwa wata mai zuwa. Yaron da ke bin kuɗin yini shi ne ke kashe inji, shi ne ke ɗaukar mutum uku, shi ne ke haɗiyar taramol don kada ya ji gajiya, ƙwayar da ke cire masa tsoro a wurin da tsoro ne kaɗai zai cece shi. Mu fasinjoji ma ba mu fita ba. Mu ne ke cewa yi sauri kasuwa za ta tashi, mu ne ke taya kuɗin mutum ɗaya mu hau mu biyu da goyo.

Hular kwano kuwa abin kunya ne a faɗi dalilanmu. Wannan ya ce za ta ɓata masa karin hula, waccan ta ce ɗaurin kallabi, wani ya ce ana sa asiri a cikin ta haya. Mutumin da ya ɗaura laya a ƙahon babur ya yarda da riƙo da sababi ke nan, to me ya hana shi riƙon sababin da idonsa ke gani? Dokar ƙasa tun 2008 ta shar'anta wa mai babur na haya lasisi da inshora da hular kwano. Mun mai da ita abin ciniki a shingen hanya, hannu ya shafi hannu a wuce.

Ba mu wanke hukuma ba. Akwai ramuka, akwai ƙarafan gefen hanya da mota ta tuge aka daɗe ba a mayar ba, kuma wanda ya faɗi a can sai an sha wuya kafin a kawo shi asibiti. Amma hukuma takan farka ne idan gawa ta yi yawa a rana ɗaya, kamar ranar 27 ga Janairun 2021 da motar safa ta yi karo da mai ɗauke da fetur a gangaren Dschang, mutum fiye da 50 suka ƙone, ƙasa duka ta girgiza. Namu ɗaya-ɗaya suke tafiya, yau mahayi, jibi fasinja, ba rediyo ba jarida. Idan mu da muke wanke su ba mu yi magana ba, wa zai yi? Kuma kada mu manta a cikin mutane muke zaune. Wanda ke bayan babur ɗin sau da yawa ɗan maƙwabtanmu ne, Bafillace ko Mbum ko Dii ko Gbaya. Ranar da ɗanmu ya jefa ɗan wani a rami, ba sunan yaron ake kira a ƙauyen ba, sunanmu ake kira gaba ɗaya, sunan da kakanninmu fatake suka gina da amana a wannan ƙasa.

Abin da muka gabatar wa dattijo, Allah ya ja zamaninsa, kuma muke roƙon limamanmu su ɗauka a huɗuba, ba mai tsada ba ne. Gudummawar asibiti ba za a hana kowa ba, mai rauni mai rauni ne. Amma kada a sake shafa fatihar sulhu sai an zaunar da mahayi ya faɗi yadda aka yi a gaban jama'a, an kira mai babur ya faɗi shekarun yaron da ya ba wa, da ranar da ya canza taya, da kuɗin yinin da ya yanka, sannan malami ya gaya wa kowannensu abin da ke wuyansa. Wanda zai yafe ya yafe bayan ya san abin da yake yafewa. Mun san akwai manya a cikinmu masu babura biyar ko goma a hanya waɗanda wannan ba zai yi musu daɗi ba, wasu ma mun yi sahu ɗaya da su a sallar asubar yau. Zaure a buɗe yake bayan la'asar, su zo su faɗi hujjarsu, za mu rubuta ta a littafi ɗaya da sunayen waɗanda muka binne.