A Mayar Wa Ƙananan Yara Dandalinsu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a hutun da ya wuce, lokacin da yayata ta aike ni in ɗauko 'yarta mai shekara uku daga makarantar nazare da ke unguwarsu. Makarantar shaguna uku ne aka fasa bangonsu aka haɗe, rufin kwano babu silin, taga ɗaya tal, ga janareto yana ƙugi a bakin ƙofa. Yara sun fi arba'in a jere bisa benci, ƙafafunsu na reto ba su taɓa ƙasa, malama na riƙe da tsumagiya suna maimaita haruffan Turanci. Da na tambayi inda suke wasa, sai aka nuna mini wani lungu da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. A allon makarantar kuwa an rubuta sunan Montessori da manyan baƙaƙe.

Wannan suna shi ya fi ba ni takaici. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a shekarar 1907. Daga cikin abubuwan da ta fara yi akwai kawar da manyan bencina, ta kawo ƙananan kujeru da tebura waɗanda yaro zai iya ɗagawa da kansa, ta kuma ajiye kayan koyo inda hannunsa zai kai. Kafin ita, Friedrich Froebel na Jamus ya raɗa wa makarantarsa sunan da ke nufin lambun yara a shekarar 1840, domin a ganinsa yaro tamkar shuka ne mai buƙatar fili da iska da kulawa. Mu kuwa mun ari sunan mun bar aikin.

Ba kuma rashin tanadi ne ya jawo haka ba. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun shekarar 2004, ta ce wasa ne babbar hanyar koyar da yara a wannan mataki, kuma malami ɗaya ya kula da yara 25. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, kada kuma a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a lokaci ɗaya. To, ina yaron da ke kan benci tun safe har azahar zai samu wannan?

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin harshe da zancen gini? Haƙiƙa alaƙar babba ce. Yaro ba ya koyon magana da yin shiru. Ku tuna yadda muka tashi. A wajen tuwon ƙasa muka koyi sunayen tukunya da muciya da murhu, a kan dokin kara muka koyi linzami da sukuwa, a wajen 'yar tsana 'yan mata suka koyi gaisuwa da barka da ban haƙuri. A dandali ake musu, a yi sulhu, a jira layi, a ƙirga, a ji tatsuniya da kacici-kacici. Duk abin da muke nazari a aji da sunan adabin baka na yara, a fili ya rayu. Idan aka ƙwace filin, wasannin za su koma takardun kammala digiri kawai, harshen yaron kuma ya taƙaita ga abin da aka haddace masa.

Na san masu makarantu za su ce fili a birni yana da tsada, iyaye kuma so suke ɗansu ya dawo da littafi cike da rubutu. Gaskiya ne, amma abin da nake nema bai kai kuɗin fentin da ake shafa wa katanga ba. A samu inuwa, ko ta bishiya ko ta rumfa. A zuba yashi mai tsabta a gefe guda. A buɗe tagogi ɓangare biyu domin iska ta ratsa. A rage bencina a shimfiɗa tabarmi. A ajiye ruwan sha da wurin wanke hannu da banɗaki daidai tsayin yaro. A tara kara da gwangwanaye marasa kaifi da ƙyallaye da ƙwarya, yaran da kansu za su mayar da su mota da gida da kasuwa. Wanda kuma ba shi da wurin da zai ɗauki yara arba'in, ya ɗauki ashirin.

Daga ƙarshe, kira nake gare mu. Da yawanmu aikin koyarwa za mu yi, wasu kuma iyaye ne tun yanzu. Duk ranar da za ka kai ɗanka ko ƙaninka makaranta, kafin ka tambayi kuɗin zango, ka ce a nuna maka inda yara ke wasa. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma bai ce a hana shi rana da iska ba. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.