Tsohuwar jip: araha a wurin dillali, tsada a gidan mai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin sayar da motoci yana zagaya tsohuwar Land Cruiser ko Prado ya san abin da dillali zai fara ce masa: "Alhaji, wannan ai ba ta mutuwa." Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Tun 1951 Toyota ke ƙera zuriyar wannan mota, samfurin nan mai lamba 70 da ya fito a 1984 har gobe ana yin sa, kuma a bayan irinsa da Hilux sojojin Chadi suka fatattaki dakarun Libiya a 1987. Injin da ya ci kilomita 300,000, in ya samu kulawa, yana iya ƙara wasu masu yawa. A kan ƙarko ba ni da ja. Jayayyata a kan lissafi take, domin motar da ba ta mutuwa tana iya shekara goma tana tatsar mai ita.

Mu fara da mai, tunda shi ne kuɗin da ake biya kullum. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Land Cruiser mai lamba 100, wadda aka yi daga 1998 zuwa 2007 da injin fetur mai silinda takwas, tana shan kimanin lita 16 a kilomita 100, kuma a cunkoson gari ta fi haka. Corolla kuwa kimanin rabin wannan take sha. A ce ma'aikaci yana yin kilomita 40 a rana tsakanin gida, makarantar yara da ofis. A wata ya yi 1,200, bambancin ya kusa lita 100 ke nan. In an sayi lita a naira 900, ƙarin da jip ta jawo masa kaɗai ya haura naira 80,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Albashin mutum guda ke ƙonewa kowane wata don a zauna a sama a riƙa kallon rufin motocin mutane a danja.

Sai batun mita. Masu saye suna manne ido a kan lambar da ke gaban sitiyari kamar ita ce shaida ta ƙarshe, alhali ita ce abin da ya fi sauƙin taɓawa a jikin mota. Mai na'ura yana iya rage ta kafin a gama shan shayi. Ko ba a taɓa ta ba, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 200,000 ya ce ba laifi, motar da ta yi kilomita 320,000 yake shirin saye. Ni lambar ba ta cika tsorata ni ba. Jip da ta yi doguwar tafiya a kan kwalta mai kyau, ana canza mata baƙin mai a kan kari, ta fi wadda ta yi rabin haka a hannun mutane huɗu, kowa na ɗora wa na gaba gyaran da ya ƙi yi. Abin da ake nema shi ne tarihi, kuma shi ne abin da ba kasafai dillali ke da shi ba. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. In daga Amurka ta zo, da wannan lamba ana iya sayen rahotonta a intanet, a ga ko ta taɓa yin mummunan hatsari, ko ambaliya ta taɓa shanye ta har kamfanin inshora ya yi gwanjonta, a kuma ga mil nawa aka rubuta mata a ƙarshe. Dillalin da ya ƙi ba ka lambar ya riga ya amsa tambayarka.

Injin kuma ba shi ne ke fara gajiya ba, a nan mutane ke ruɗuwa. Abin da ke kewaye da shi ne ke ci: shokazoba, bushin, famfon ruwa, lagireto, giya, da ƙarin kayan da ke kai ƙarfi ga tayoyi huɗu, waɗanda ƙaramar mota ba ta da su sam. Wancan injin mai silinda takwas na Land Cruiser 100 yana da bel na tayimin da ake son a canza kusan duk mil 90,000. In mai ita na baya bai canza ba, kai ne za ka biya. Lexus LX 470, 'yar uwarta mai kwalliya, tana da tsarin da ke ɗaga ta yana sauke ta da ƙarfin mai, kuma ranar da ya lalace za ka san inda kuɗi ke zuwa. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da lagireton da ke fashewa ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya ya kashe giyar. Ga tsatsa kuma: a arewacin Amurka da Kanada ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cin shasi ta ƙasa alhali fenti na sheƙi a sama. Toyota da kanta ta amince a 2016 da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 saboda tsatsar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce da yawa ba su san rariya suka saya ba.

Kayan gyara akwai su, a Ƙofar Ruwa a Kano, a Panteka a Kaduna, a Ladipo a Legas, musamman na Toyota. Amma daga waje ake kawo su, da dala. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, tayoyi huɗu na jip kuma ba sa'o'in na Corolla ba ne. Mai Pajero ya ƙara da sanin cewa Mitsubishi ta daina ƙera ta a 2021.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masoya jip ita ce tana riƙe kuɗi. Za ka ji mutum yana cewa ya saya miliyan biyar, bayan shekara uku ya sayar miliyan tara. Gaskiya ne Land Cruiser da Prado da Hilux ba sa zubewa kamar sauran motoci, kuma ba sa rasa mai saye. Amma ka tambaye shi ko miliyan taran za ta sayo masa irin motar da ya sayar. Naira ce ta faɗi, kuma faɗuwarta ta ɗaga kuɗin Corolla ma. Ka sa ya haɗa man da ya ƙona da abin da ya bai wa bakanike a shekarun nan uku, sannan ku sake maganar riba.

Duk da haka akwai mutanen da zan ce musu su saya ba tare da na yi jim ba. Mai gona a ƙauyen da hanyarsa ke zama taɓo daga Yuli zuwa Satumba, ɗan kwangilar da ke haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara, mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu, direban da ke ratsa rairayi daga Agadas zuwa Dirku. Ga waɗannan, ƙaramar mota asara ce biyu: za ta maƙale a hanya, kuma za ta karye cikin shekara. Sabuwar jip ta fi ƙarfin aljihunsu, saboda haka tsohuwa mai lafiya ita ce hankali, kuma kuɗin manta yana fita daga aikin da take yi. Yawancin jip ɗin da ke yawo a unguwannin Nasarawa da Maitama kuwa ba su taɓa taka abin da ya wuce ramin unguwa ba. Mai son girma ya saya in yana da hali, kuɗinsa ne, amma kada ya ce mana tattali yake yi.

Wanda aikinsa ya wajabta masa, ya tafi da bakanikensa, ba wanda dillali ya kira ba. A ɗora motar a rami a duba shasi da fitila, a tada injin da sanyin safiya kafin kowa ya ɗumama shi, a sa giyar tayoyi huɗu a ji ko tana shiga tana fita, a zaro sandar man giya in tana da ita a ga launinsa. A tantance takardun kwastam, domin tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017 da yawa suka biyo ɓarauniyar hanya daga Kwatano, kuma ranar da aka tare motar a hanya mai ita ake tambaya. Sannan kada ya zuba duk abin da ya tara a kuɗin saye. In miliyan goma gare shi, ya nemi ta takwas, ya ajiye biyu don taya, bel da shokazoba na watannin farko.