Tambarin jiha ba hular gwamna ba ne

1/ Ƴan'uwa, tambaya ɗaya. Ba tare da kun leƙa Google ba, wa zai iya faɗa mana abin da ke cikin tambarin jiharsa? Amma fuskar gwamna kam kowa ya haddace, tana kan buhun shinkafa, tana kan motar asibiti, har kan jakar ɗan firamare.

2/ Ku dubi Osun. Da Rauf Aregbesola ya hau mulki, ya mayar da sunan jihar "State of Osun", aka yi doka a 2012 ta tuta, tambari da taken jiha. A 2017 babbar kotun jihar ta ce sauya sunan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Ademola Adeleke na shan rantsuwa a Nuwamba 2022 ya dawo da tsohon suna. A 2024 ya fito da nasa tambarin, mutane suka yi ta masa dariya a intanet, sai da aka buɗe gasar zana wani.

3/ Duk sauyi ɗaya kuɗi ne fa. Takardun ofis, hatimi, allunan ma'aikatu, fentin motocin gwamnati. Kwangila kan kwangila, daga aljihun talaka.

4/ Na san wani zai ce "haba malam, ana fama da yunwa kana zancen zane?" To ai wurin nan ne. Gwamnan da ya ɗauki alamar jiha kamar gadon gidansu, haka zai ɗauki baitulmali. Gwamnan da ke shafa launin jam'iyyarsa a bangon makaranta yana gaya wa ɗan adawa cewa ajin nan ba na ɗansa ba ne.

5/ Ga dagin Arewa. Gowon ya rushe Jihar Arewa tun Mayu 1967, ya yanka ƙasar jihohi 12. Gwamnatin ta tafi, dagi yana nan: a aikin babbar riga, a bangon soro, a ƙofar gidaje a Kano da Zariya. Ba doka ce ta riƙe shi ba. Magina da maɗinka ne.

6/ Abin da nake nema daga majalisun jihohinmu kaɗan ne wallahi. A buɗe gasa, ɗaliban zane su shiga, kamar yadda Taiwo Akinkunmi, yana ɗalibi a Landan, ya zana tutar Najeriya a 1959. A zaɓa a bainar jama'a. Sannan a kafa doka: ba a taɓa tambari sai an ji ra'ayin jama'a, kuma ba hoton gwamna a kan kayan da aka saya da kuɗin haraji.

7/ Ku turo tambarin jiharku a ƙasa. Banda mai hoton mutum, don Allah.