Shakazoba Ba Kayan Ado Ba Ce

Sanin kowa ne cewa mai dako ba ya aza buhu a kansa sai ya naɗa gammo, haka mai jaki ba ya labta mangala sai ya shimfiɗa akumari. Dalili kuwa shi ne, nauyi idan ya faɗo wa abu gaba ɗaya a wuri ɗaya, ɓarna yake yi. Idan aka raba shi, aka kuma sassauta saukarsa, sai a wanye lafiya. Abin mamaki, wannan hikima da kakanni suka riƙe ita ce direbobi da yawa suka yi watsi da ita a kan titi.

Mai karatu ya fara duban jikinsa. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faya-fayan guringuntsi guda 23, cikinsu da laushi, gefensu da tauri, suna raba nauyi kada ƙashi ya gogi ƙashi. Saboda matsuwar da suke sha da rana, mutum yakan fi tsawo da safe da kimanin santimita 1. Ƙwaƙwalwa kuma tana iyo ne cikin wani ruwa da ke kare ta daga bugun ƙoƙon kai. Wanda ya diro daga katanga yakan lanƙwasa gwiwa ba da shawararsa ba, domin tsokar cinya ta shanye ƙarfin dirar sannu a hankali. Haka kyanwa take yi, shi ya sa ba a jin saukarta. Raƙumi kuwa an yi masa faffaɗan tafi mai kitse a ƙarƙashin yatsunsa biyu, yana taka ƙasa kamar bisa matashi.

To, maƙera mota ma wannan hanya suka bi, sai dai sun raba aikin gida biyu. Sifirin shi ke karɓar bugun rami, amma ba ya cinye shi. Ajiya yake yi, ya mayar, motar ta yi ta tsalle. Shakazoba ita ke kashe wannan tsalle: mai ne a cikinta, ana tura shi ta ƙananan kafofi, ƙarfin bugun ya rikiɗe ya zama zafi ya watse. Wato babban aikinta shi ne ta danne taya a kan kwalta. Tayar da ke tsalle ba ta jin birki, ba ta bin sitiyari, musamman a kwana ko lokacin damina.

A nan gizo ke saƙa. Mai motar haya yakan ga shakazoba tana yoyon mai, ya ce jin daɗin fasinja ne kawai ya ragu. Wani ma ya je wurin makanike a ƙara masa gwangwalar sifirin, don ya yi lodin da ya wuce kima. Hujjarsu ita ce kayan gyara sun yi tsada, hanyoyi kuma duk ramuka ne, sabuwar ma ba ta daɗewa. Gaskiya ne, amma lalacewar hanya dalili ne na ƙara kula, ba na sakaci ba. Kuɗin da aka ƙi kashewa a gareji, taya za ta cinye su da saurin suɗewa, gadon bayan direba ya biya saura, in ma an tsira da rai.

Saboda haka ya kamata jami'an duba lafiyar motoci, da Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988, su ɗauki shakazoba daidai da birki da fitila wajen bincike. Shugabannin tasha kuma su hana lodin ganganci tun mota ba ta tashi ba. Wanda bai yarda ya ɗauki buhu ba gammo ba, bai kamata ya ɗauki rayukan mutane a motar da gammonta ya mutu ba. Hanyar lafiya dai, a bi ta da shekara.