Louis Armstrong ya bar faifai, mabusan Gure fa?

A shekarar 1960 Louis Armstrong, mabushin kakakin Turawan nan na Amurka, ya zo Kaduna har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello. Hoton ganawar yana nan. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne busarsa ma tana nan, duk wanda ke da waya a Gure zai iya jin ta yau.

An haife shi a New Orleans a 1901 cikin talauci. A gidan gyaran hali na yara ya koyi busa, bayan an kama shi ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara. Daga 1925 zuwa 1928 ya ɗauki faya-fayen da suka sauya kiɗan jaz, da ƙungiyoyinsa Hot Five da Hot Seven. Kafin shi, galibi tare makaɗa ke tafiya. Shi ya nuna mabushi ɗaya zai iya fitowa fili ya yi tasa maganar da ƙaho. Mai shakka ya saurari farkon "West End Blues" na 1928. A 1964, yana da shekara 62, ya ture Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka da "Hello, Dolly!". Ya rasu a 1971.

Bai bar aikin adana kansa a hannun kamfanoni kawai ba. Ya naɗi ɗaruruwan tef da hannunsa, har da hirar gida da barkwanci, kuma gidansa na Queens a New York yanzu gidan tarihi ne.

To mu fa? Wanda ya taso a Gure ya san yadda algaita ke tayar da tsikar jiki ranar Sallah a ƙofar fada, ya san amon kakaki a Damagaram. Mabushin algaita yana shaƙar iska ta hanci yana busawa ba yankewa, dabarar da mabusan jaz ke shan wuya kafin su iya. Amma tambayi saurayi sunan mabushi ɗaya na zamanin kakansa, ka ga ya yi shiru. Mun ɗauke su 'yan rakiyar sarki, maroƙa, shi ke nan.

Wani zai ce gado ne, ɗa na karɓa daga uba. Idan ɗan ya tafi Libiya ko Agadas neman kuɗi fa? Malam Maman Barka, haifaffen Tesker a arewacin Gure, ya ga irin wannan haɗari. Ya bi Boukar Tar har bakin Tafkin Chadi don ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da tsohon ne kaɗai ya rage gwani. Ya fitar da faifai a 2009, ya rasu a 2018. Ba don tafiyar nan ba, da biram sai a labari.

Ba sai mun jira ma'aikatar al'adu daga Yamai ba. Wayar da muke ɗaukar biki da ita ta fi na'urar da Armstrong ya yi faifan 1928 da ita nesa ba kusa ba. 'Yan uwa da ke ƙetare, cikin kuɗin Sallar da kuke aikowa ku ware wani abu: a zauna da tsohon mabushi, a biya shi haƙƙinsa, a naɗi kowane take, a tambaye shi na wane ne da wanda ya koya masa, a rubuta sunansa da ranar.