Dandali Bai Mutu Ba, Lasifika Aka Ƙara Masa

A Yamai, duk filin da aka kewaye da katanga ko zana, aka kafa manyan lasifika a ƙarƙashin sararin Allah, DJ yana haɗa kiɗa da na'ura matasa suna rawa, sunansa "buwat". Daga Faransanci muka aro kalmar, kuma asalin ma'anarta akwati. Da an furta ta shari'a ta ƙare: giya, karuwai, ƴaƴan da suka fi ƙarfin iyayensu. Mu da muke karatun harshe mun san suna yakan yanke hukunci tun ba a saurari wanda ake ƙara ba. Shi ya sa nake cewa a daina kiran fili akwati. Wurin rawa marar rufi, wanda mai wucewa yake jin abin da ake yi a ciki, Hausa ta raɗa masa suna tun kakanninmu ba su ga Bature ba. Sunansa dandali.

Ina zuwa irin waɗannan wurare, kuma ba a ɓoye ba. Na san da yawa cikin masu karanta wannan takarda suna zuwa, sai dai in an zo hutu Filinge kowa ya sa hula ya yi kamar bai san hanyar ba. Wannan munafuncin nake so mu ajiye.

Zargi na farko, da bakin manyanmu na Kurfai: "Mi ya kai ɗiyan Musulmi wurin kiɗin Nasara?" To, a tsaya. Kiɗan na'ura da ake rawa da shi a duniya yau, babban reshensa ya tsiro ne a hannun baƙaƙen fatar Amurka cikin shekarun 1980: "house" a birnin Shikago, "techno" a Ditiroit. Daga baya ya ƙetara Turai. Abin da DJ yake yi ba wani tsafi ba ne. Yana daidaita saurin bugun waƙoƙi biyu, sau da yawa bugu 120 zuwa 130 a minti ɗaya, ya shigar da wannan cikin waccan yadda ƙafar mai rawa ba za ta tsaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana sauya take daga na wannan yarinya zuwa na waccan ba tare da ya ɗaga makaɗi ba, ya san aikin.

Kuma ba sai mun je Amurka ba. A 1978, a nan Nijar, Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan da ya yi da orga mai aiki da lantarki, yana juya tsofaffin karin waƙoƙinmu a cikinta. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, iyayenmu sun ji shi a kunnensu ba su ce uffan ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fito da shi, Turawa suka yi ta gayyatarsa wasa. Bayansa ga Hama, ɗan Yamai, wanda kiɗansa na piyano ya yi yawo daga waya zuwa waya, har ya sa wa wani kundinsa suna Torodi, gari a cikin jiharmu ta Tillaberi. Yo in wannan kiɗan Nasara ne, Nasaran ne ma ke zuwa aro.

Zargi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan kauce masa ba: ana lalacewa a wurin. Gaskiya ne. Akwai giya, akwai masu haɗiyar taramol, akwai manyan mutane masu ajiye mota nesa suna jiran ƴar wani. Amma a tambayi tsofaffinmu ko dandalinsu na farin wata mala'iku ne suke taruwa. Can ma ana zance, ana kishi, ana faɗa a kan budurwa. Abin da ya tsare shi shi ne ido da doka. Fili ne a tsakiyar gari, kowa ya san ɗan wa ya zo, akwai sarkin samari mai tsawatarwa, akwai lokacin tashi. Har Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan ƙasar Filinge, soja mai zafin da ba a yi masa wasa, bai rufe dandali ba. Samariya ya farfaɗo da ita, ya ba matasa wurin kiɗa da rawa da gasa.

Mu kuwa me aka yi mana? An ƙwace filin, an bar mana laifin. Inda duk aka kori rawa daga sarari, ɗaki take komawa: gidan haya a bayan gari, ƙofa a kulle, ba fitila, ba babba ko ɗaya. A nan ne ake zuba wa yarinya abu a lemo, kuma gobe sunanta kaɗai za a kira a fada, namijin yana zaune ana ba shi shayi. Wanda ya damu da mutuncin ƴanmata tsakaninsa da Allah, shi ya kamata ya fi kowa son a yi abin a fili.

Tarihin ƙasarmu ma ya isa darasi. Wajajen 1925, a garin Cikal na Kurfai, aka fara abin da ake kira Hauka ko Babule, wata mata mai suna Shibo tana gaba, matasa suna rawa suna kwaikwayon sojan Faransa. Masu mulki suka kama su suka ɗaure. Abin ya mutu? Ina! Ya bi ƴan cin rani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya same shi a birnin Ankara ya yi fim a kansa shekara talatin bayan haka. Ba bori nake karewa ba. Abin da nake nunawa shi ne bulala ba ta taɓa kashe rawa ba, wuri kawai take sauya mata.

Ku dubi halin da muke ciki yanzu. Jihar Tillaberi ta yi shekaru cikin dokar ta-ɓaci, an sha hana hawan babur, dare ya zama abin tsoro. Saurayi ɗan shekara ashirin a Filinge, ba aiki, ba wurin zuwa bayan lisha sai tabarmar fada da waya a hannu. Masu bindiga a daji kuwa sun san abin da za su yi da saurayin da gari bai ba shi komai ba. Su ma kiɗa suka tsana. Ya kamata mai neman a kashe lasifika ya duba da wa ya yi tarayya a ra'ayi.

Yanzu bari in juyo gare ku, masu riƙe da sono. Kuna ba masu zaginmu gaskiya da hannunku. Dare guda cur, daga kufe-dekale na Abijan sai amapiyano na Afirka ta Kudu, kuna ihu a makirfo da Faransancin aro, kamar in kun ce "ku taso" harshenku zai karye. Ƴan Bamako sun ɗauki balafon sun zuba a na'ura, suka samu Balani Show a kan titunan unguwa. Ƴan Darussalam sun yi singeli da Swahilinsu, yau ana gayyatarsu Turai. Mu fa? Hausa harshe ne mai karin sauti: "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, hawa da saukar murya ne suka raba su. Shi ya sa kalangu yake magana, ya kira sunan mutum ya waiwayo. Muna da ganga mai faɗin kalma, muna da gurumi, muna da tafin gaɗa, muna da Kurfayanci da Zabarmanci a baki ɗaya, amma ba a naɗa ba a haɗa. Wallahi wannan ragwanci ne.

Ga abin da nake nema, kuma ba shi da tsada. Hukumar gari ta ware fili sananne mai fitila, ko harabar gidan matasa, dare ɗaya a mako. A sa lokacin farawa da na tashi, a yi nesa da masallaci da asibiti, a hana giya da ƙwaya a ƙofa. A naɗa matasa, maza da mata, su tsare doka kamar yadda sarkin samari yake yi a da. Kuɗin shiga kar ya wuce abin da ɗalibi zai iya. DJ kuma a gindaya masa sharaɗi: rabin dare namu ne, da harshenmu da kiɗanmu.

Wanda bai yarda ba, shafin wannan ɗan littafi na gaba a buɗe yake. Ya rubuto, amma ya zo da amsar tambaya ɗaya: in an rufe filin, ina yake so mu je?