An ƙwato ramin Arlit, wa zai ƙirga waɗanda suka haƙa shi?

A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta sanar da cewa kamfanin SOMAÏR ya zama mallakar ƙasa, ta raba shi da Orano na Faransa. An yi guɗa, an yi jawabai kan ƴanci da arzikin ƙasa. Ban ƙi ba. Sai dai har gobe ina jiran wanda zai tashi a bainar jama'a ya yi tambayar da ta fi kowace sauƙi: mutanen da suka haƙo uraniyom ɗin nan tun daga 1971, su nawa ne, ina suke yanzu, kuma mene ne ke kashe su?

Arlit gari ne na baƙi. Ma'adani ne ya kafa shi a ƙarshen shekarun 1960, a kan filin kiwon Abzinawa, sannan Akokan ta biyo baya da COMINAK ta fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a 1978. Ma'aikatan kuwa daga ko'ina suka zo: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso, Yamai. Mutum ya yi shekara ashirin ko talatin a rami, ya yi ritaya, ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu. To, a nan gizo ke saƙa. Iskar radon da ke taruwa cikin ramin uraniyom ba ta kayar da mutum a ranar da ya shaƙe ta. Kansar huhun da take haddasawa takan ɗauki shekara goma, ashirin, ko fiye kafin ta fito fili. Lokacin da tari ya kama tsohon ma'aikaci, yana Tasawa ko Madawa, nesa da Akokan da ɗaruruwan kilomita. A ce tarin fuka ne, ko a ce tsufa ne, a yi masa sutura kafin la'asar. Babu takarda ko guda da za ta haɗa mutuwarsa da ramin da ya shiga.

Ajali gaskiya ne, babu mai ja. Amma sanin ajali bai taɓa hana mu rufe rijiyar da yaro ya faɗa ba.

Dubi yadda wasu ke yi da nasu baƙin. A garin Bradford na Ingila, masu bincike na asibiti da jami'o'i sun rubuta sunayen jarirai sama da 13,000 da aka haifa tsakanin 2007 da 2011, kusan rabinsu ƴaƴan iyalai ƴan asalin Pakistan, kuma har yanzu suna bin lafiyarsu. Sun gane cewa wanda ya baro garinsu yana iya ɓacewa cikin lissafin hukuma, sai an bi shi da gangan. Faransa ita ma ta san darajar wannan aikin sarai: masu bincikenta suna bin sawun mahaƙan uraniyom na cikin ƙasarta, mutum kusan 5,000, suna rubuta yawan tururin da kowa ya sha da abin da ya yi sanadin mutuwarsa, kuma sun tabbatar kansar huhu ta fi yawa a cikinsu. Wanda ke da irin wannan rajista ta mahaƙan Arlit, don Allah ya fito da ita mu gani.

Akwai wani Bafaranshe, Serge Venel, da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya mutu da kansar huhu a 2009. Iyalinsa suka kai ƙara, kotun Melun ta ɗora wa Areva laifi a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a shekarar da ta biyo baya bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba. Ko da suka faɗi, an san sunansa, an san cutarsa, an yi gardama a kanta gaban alƙali. Ƴan Nijar da suka shaƙi iska ɗaya da shi a rami ɗaya fa?

Ɗan abin da muka sani game da gubar Arlit, daga waje ya zo, kuma ma'aikaci ne ya jawo shi. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin SOMAÏR, shi ya kafa ƙungiyar Aghirin'man bayan ya ga abokan aikinsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya gayyato ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa a ƙarshen 2003, aka tsare musu na'urori a filin jirgin Yamai, amma duk da haka suka gano ƙarafan ma'aikata masu tururi ana sayarwa a kasuwa. Greenpeace ta zo a 2009, ta ce a cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba, huɗu sun wuce iyakar uraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita, kuma a wani titi na Akokan tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Areva ta musa, ta ce tana bin ƙa'ida. A 2011 aka kafa cibiyar sa ido kan lafiya ta jihar Agadas da kuɗin kamfanin, bayan shekara guda ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar, ta janye tana cewa abin ya koma talla.

Wannan ya ce akwai guba, wancan ya ce babu. Wa ya kamata ya raba gardamar? Jami'a. Muna da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da sashen koyar da likitanci da cibiyar nazarin tururin nukiliya. Muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, wato daidai garuruwan da tsofaffin ma'aikata suka koma. Muna da Jami'ar Agadas tun 2014, kilomita kusan 240 daga bakin ramin. Ban ce malamanmu ba su taɓa auna ruwa ko ƙasar Arlit ba. Amma auna rijiya daban, bin mutum shekara talatin daban, kuma na biyun shi ne muke bukata.

Na san amsar: babu kuɗi. Ƙasar da ta fitar da uraniyom kusan tan 75,000 daga ramin COMINAK kaɗai ba za ta gaya mana ba ta da kuɗin takarda da man babur ba. Matakin farko ba ya bukatar na'ura mai tsada. Jerin sunaye ne: wane ne, yaushe ya shiga, a wane sashe, yana raye ko ya rasu, da wace cuta. Ɗaliban likitanci da kowace shekara ake neman musu abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su za su iya wannan, gunduma bayan gunduma.

Wasu kuma za su ce ai mahaƙan na shan taba, ai hamada akwai ƙura, ai tarin fuka ya yi yawa a ƙasar. Duk gaskiya ne, kuma shi ya sa ake bincike. Sai an gwada mahaƙin da ya yi shekara ashirin a rami da sa'ansa manomi mai shan taba iri ɗaya, sannan a san rabon taba da rabon radon. Idan sakamako ya nuna ramin bai yi ɓarnar da muke zato ba, madalla, hankalin iyalai ya kwanta. Mai gaskiya ba ya gudun awo.

Malamai da iyaye, maganar ta shafe ku kai tsaye. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ta bar tarin dusar ma'adani mai tururi kusan tan miliyan 20 a gefen gari, inda iska ke kaɗawa, kuma yaran Akokan a nan suke girma. Malamin da ke Maraɗi ko Damagaram, ya tambayi ajinsa waɗanda kakansu ko mahaifinsu ya yi aikin Arlit, zai ga hannuwa. Ƙungiyoyin malamai da na iyayen ɗalibai sun iya tsayawa kan albashi da kujerun aji. Su tsaya kan wannan ma.

Wanda ya shiga rami a 1978 yana ɗan shekara 25, yau ya haura 70. Takardun asibitocin kamfanonin biyu, da bayanan ƴar na'urar auna tururi da ma'aikata ke maƙalawa a jiki, suna wani wuri, a Arlit ko a Faransa. Tun da yanzu ƙasa ce mai SOMAÏR, a nemo su, a damƙa kwafinsu ga sashen likitanci na Yamai, a fara bin sunayen tun masu su na iya ba da amsa da bakinsu.